Cinikin Biri a Sama a Bakin Tafkin Kitse

A can arewacin Kanada, kimanin kilomita 300 arewa maso gabas da garin Yellowknife, akwai wani tafki da ake kira Lac de Gras da Faransanci. Mutanen Tlicho, waɗanda suka riga kowa zama a yankin, Ekati suke ce masa. Sunayen biyu abu ɗaya suke nufi: Tafkin Kitse. An ce fararen jijiyoyin da suka ratsa duwatsun bakin ruwan ne suka yi kama da kitsen barewar ƙasar. Bahaushen da ya ji wannan suna, ya kuma ji abin da ya sami dukiyar mutane saboda tafkin, ba zai rasa tuna masu yi wa rogo kallon kitse ba. Sai dai a nan da gaske akwai kitsen. Bai dai kai yawan hannuwan da aka miƙo ba.

A watan Nuwamba na 1991 wani ƙaramin kamfani mai suna Dia Met Minerals, na garin Kelowna, ya fitar da sanarwa tare da babban abokin hulɗarsa, BHP na Ostireliya. Sun ce sun huda ƙasa a ƙarƙashin wani ɗan tafki da suka kira Point Lake, kusa da Tafkin Kitse, sun zaro dutse mai nauyin kilo 59, an kuma sami ƙwayoyin lu'u-lu'u 81 a cikinsa. Yawancinsu ba su kai tsabar gero ba. Da za a tara su a tafin hannu, atishawa ɗaya ta ishe su. Babu mai kayan ado da zai ba da ko sisi a kansu. Amma hannun jarin Dia Met, wanda aka saba sayarwa ƙasa da dala ɗaya, ya yi ta hawa har ya haura dala 60 kafin shekara biyu ta cika.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan, kuma duk dillalin da ya taɓa tallata hannun jarin ƙaramin kamfanin neman lu'u-lu'u, a Vancouver ne ko a Landan ko a Sydney, da wannan labari ya ci abinci. Irin waɗannan kamfanoni ba su da mahaƙa, ba su da kayan sayarwa, ba sa samun kuɗin shiga ko na kwabo. Abin da suke da shi takardar izinin bincike ce a kan wani fili, da masanin duwatsu ɗaya ko biyu, da bakin da ya iya zance. Wanda ya sayi hannun jarinsu cinikin biri a sama ya yi, ya kuma san haka. Abin da ke sa shi yi shi ne an taɓa yin wani biri da ya sauko.

Cinikin ya daɗe kafin Kanada ta shigo. A 1872 wasu 'yan uwa biyu daga jihar Kentucky ta Amurka, Philip Arnold da John Slack, suka sa manyan attajiran San Francisco a tarko. Sun zo da jaka cike da duwatsu masu daraja suna nuna kamar ba sa son kowa ya sani, wanda kuwa ita ce hanya mafi sauri ta sa kowa ya sani. William Ralston na Bankin California ya shiga. Charles Tiffany, shahararren mai kayan ado na New York, ya yi wa samfurin kima ta dala 150,000. Aka kai wani ƙwararren injiniya filin, ya tsinci duwatsu da hannunsa, ya rubuta rahoto mai daɗi, aka kafa kamfani mai jarin dala miliyan 10. Sai wani masanin ƙasa na gwamnati, Clarence King, ya bi sawu ya gano wurin a arewa maso yammacin Colorado. Ya tarar da lu'u-lu'u da yakutu kwance wuri guda, abin da ƙasa ba ta yi, kuma in aka tona inda hannu bai taɓa ba, babu komai. Ashe duwatsu masu arha aka sayo a Landan da Amsterdam aka barbaɗa. Turawa "sa gishiri" suke ce wa wannan aiki. Mu da muke cewa an ƙara wa zance gishiri ba mu yi nisa da su ba.

Wancan zamba ce tsagwaronta. Abin da ya faru a Kimberley ta Afirka ta Kudu ya fi kama da abin da zai biyo baya, domin a can dutsen na gaske ne. An buɗe ramin a 1871, kowane mahaƙi da ɗan filinsa na ƙafa 31 tsawo da faɗi. Da ya yi zurfi, gefuna suka riƙa zabtarewa, ruwa ya riƙa cikawa, aka isa dutse mai tauri. Mai shebur da bokiti ya gaza, sai mai inji. Tsakanin 1880 da 1881 aka harhaɗa filaye aka kafa gomman kamfanoni, mutane na sayen takarda da bashin banki, su jinginar da ita su ƙara cin wani bashin. Da bankuna suka ɗaure bakin jaka, farashi ya rushe. Cecil Rhodes da Barney Barnato suka bi suna tsintar gawarwakin kamfanoni da araha, har a 1888 aka kafa De Beers Consolidated Mines. Cakin da aka rubuta don sayen kamfanin Kimberley Central fam 5,338,650 ne. Daga nan har kusan ƙarni guda akasarin cinikin ɗanyen lu'u-lu'u na duniya a hannun De Beers yake.

Mu ma an taɓa yin irin wannan ciniki a kanmu. Tsakanin 1910 da 1912 haƙar kuza a Jos da Bauchi ta haukata kasuwar Landan, aka kafa kamfanoni barkatai da sunayen garuruwanmu. Kakanninmu na ɗaukar kwanon sarki a ka a kan 'yan kwabbai, mutanen da ba su san gabas ɗin filayen ba kuwa suna can suna saye da sayar da takardunsu.

Lu'u-lu'u ya fi kowane ma'adini dacewa da wannan ciniki, dalilin kuwa na cikin halittarsa. Zinariya zinariya ce: in an ce tan ɗaya na dutse na ɗauke da giram biyar, ɗan makaranta ma zai ji farashi a rediyo ya yi lissafi. Lu'u-lu'u kowace ƙwaya da kuɗinta. Awonsa karat ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram, kuma karat ɗaya na iya zama na 'yan daloli in dutsen ƙarami ne mai dauɗa, ya iya zama na dubban daloli in babba ne fari tas. Mahaƙa biyu masu yawan karat iri ɗaya, wannan ta azurta mai ita, waccan ta tsiyata shi.

Saboda haka tambayoyin uku ne, ba a kuma amsa su lokaci guda. Lu'u-lu'u na ƙulluwa ne a zurfin kilomita 150 ko fiye, wani irin aman wuta na zamanin da ne ya ɗebo shi ya yo sama, ya daskare ya bar dutse mai siffar karas da ake kira kimbalait, sunan da ya samo daga Kimberley. Sai an fara samun kimbalait. Sannan a san karat nawa ke cikin kowane tan. Sannan a tara karat dubbai a kai wa masu kima a Antwerp su faɗi kuɗinsa. An gano dubban kimbalait a duniya, waɗanda suka zama mahaƙa mai riba kuwa wajen ɗaya cikin ɗari ne. Matakin farko da 'yan kiloli na dutse ake yin sa, a narkar a ɗakin gwaji a ƙirga ƙananan ƙwayoyi. Na ƙarshe sai an kwashe dubban tan, an kashe miliyoyin dala. A arewacin Kanada kuma, inda ake ɗora injin haƙa a kan ƙanƙarar tafki, inda hanyar manyan motoci ita kanta a kan ƙanƙara take, ba ta kuma wuce wata biyu a shekara, kowane mataki na iya cin shekara guda. Tsakanin "mun ga alama" da "mun san kuɗinsa" akwai shekara uku, huɗu, biyar. A cikin wannan tazara kasuwar take rayuwa. Babu mai iya ƙaryata maroƙin kamfani, domin mai kamfanin kansa bai sani ba.

Charles Fipke, wanda ya kafa Dia Met, mutumin yashi ne. Yana da ɗakin gwaji a Kelowna inda yake tace tsakuwa yana dubawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Mai neman lu'u-lu'u abokan tafiyarsa yake nema, domin shi kansa ya yi ƙaranci: wasu ƙwayoyi ne jajaye da koraye da baƙaƙe da ke fitowa tare da shi, sun kuma fi shi yawa nesa ba kusa ba. A Botswana gara ce ke taimakon masu bincike, tana haƙo ƙwayoyin daga ƙarƙashin yashin Kalahari tana tarawa a suri. A Kanada babu mai wannan taimako, sai ma mai dagula lissafi. Tulin ƙanƙarar da ya rufe ƙasar dubban shekaru da suka wuce ya kankare saman duwatsu ya ja ɓarɓashinsu ɗaruruwan kilomita. In ka tsinci ƙwaya a nan, gidan uwarta na iya zama tafiyar wata guda a ƙafa.

Wani malami a Jami'ar Cape Town, John Gurney, ya riga ya gano cewa akwai wani nau'in jan dutsen ganet, mai yawan kuromiyam da ƙarancin kalsiyam, wanda ganinsa alama ce mai ƙarfi cewa kimbalait ɗin da ya fito ciki na ɗauke da lu'u-lu'u. G10 ake ce masa. Fipke da abokinsa Stewart Blusson, masanin duwatsu kuma matuƙin jirgi mai saukar ungulu, sun fara farautar ne da kuɗin kamfanin mai na Superior Oil, ƙarƙashin wani haifaffen Afirka ta Kudu, Hugo Dummett. Da kamfanin ya janye, suka ci gaba da aljihunsu. De Beers na bincike a lokacin kusa da kogin Mackenzie. Su kuwa suka fahimci daga gabas ƙanƙara ta jawo ƙwayoyin, suka juya suka bi sawu, bazara bayan bazara, suna sauka suna cika buhuna da tsakuwa. Don a sami kuɗin wannan yawo aka sa Dia Met a kasuwar hannun jari ta Vancouver a 1984, kuma da yawa cikin masu sayen farko mutanen Kelowna ne da suka san Fipke ido da ido. A kusa da Tafkin Kitse ƙwayoyin suka yi yawa, gaba da shi kuma suka ɗauke. A 1989 Fipke ya fara kafa turakun mallakar fili a ɓoye. Ya nemo Dummett, wanda a lokacin ya koma BHP, aka ƙulla yarjejeniya a 1990: BHP zai kashe kuɗin bincike ya ɗauki kashi 51, Dia Met 29, Fipke da Blusson kowa 10.

Na daɗe a kan wannan ne don a ga abin da dillalai ke tsallakewa. Suna faɗin dala ɗaya ta zama sittin. Ba sa faɗin shekara goma na wankin tsakuwa, da ilimin Gurney, da cewa wanda ya saya a 1984 ya zauna shekara bakwai riƙe da takardar da ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba.

Sanarwar Nuwamba ta tada ƙurar neman fili da Kanada ba ta taɓa ganin irinta ba. Dokar yankin a lokacin sai an kafa turken katako a kan iyakar fili kafin ya zama naka, sai jirage masu saukar ungulu suka cika sararin Yellowknife cikin duhun hunturu, ana sauke mutane suna kafa turaku a sanyin da ke daskarar da man inji. De Beers da kansa ya shigo layi. Kamfanonin da jiya zinariya suke nema, ko ba sa neman komai, suka wayi gari sun zama na lu'u-lu'u. Ba sai ka sami dutse ba. Ya isa a ce filinka na maƙwabtaka da na Dia Met, ko da na maƙwabcin maƙwabcinsa.

Vancouver kuwa dama a shirye take. A 1989 mujallar Forbes ta yi mata laƙabi da hedikwatar zamba ta duniya. Yadda abin ke tafiya ba a ɓoye yake ba. Masu kafa kamfani su raba wa kansu miliyoyin hannayen jari a kan 'yan santi. Su sayar wa na kusa da su kashi na biyu da ɗan ƙari, haɗe da takardar da ke ba su damar ƙara saye nan gaba a farashin da aka yanke tun yanzu. Sannan a ɗauko maroƙa, wato masu rubuta wasiƙun shawara ga masu kuɗi da masu buga waya gida-gida. An ga alama daga jirgi, an kai inji, an huda, an aika samfur: kowace sanarwa na ɗaga farashi, a kowace ɗagawa kuma na ciki na sauke kayansu a kan na waje. Tunda kamfanin ba ya samun komai, duk kuɗin haƙa daga buga sababbin hannayen jari yake fitowa, kamar uwar gidan da ke ƙara wa miya ruwa duk sanda baƙo ya yi sallama. Wanda ke da kashi ɗaya cikin ɗari bana, baɗi sai ya ga rabin haka gare shi, alhali bai sayar da komai ba.

A yi adalci dai: ba don wannan kasuwa mai wari ba, da ba a gano lu'u-lu'un Kanada a lokacin da aka gano shi ba. Banki ba ya ba mai bin tsakuwa bashi, kuɗin 'yan kasada ne ya sayi man jirgin Fipke. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kiran abin zuba jari. Mai zuba jari yana da abin da zai auna. Wannan kuwa, ko malamin da ya fi kowa sassauci a babin ciniki zai tambaye ka me ka saya, ka yi ta kame-kame.

Shekarar 1994 ta nuna fuskokin abin guda biyu, 'yan watanni tsakani. Wani ƙaramin kamfanin, Aber Resources na Grenville Thomas, injiniya ɗan asalin Wales, ya kama fili a cikin Tafkin Kitse kansa. 'Yarsa Eira Thomas, wadda ba ta daɗe da gama jami'a ba, ita ke jagorantar masu haƙa. Ƙanƙarar da injin ke kai ta fara narkewa, ruwa na taruwa a ƙafafunsu, ta dage a ƙarasa hudawa. Sandar dutsen da aka zaro ta fito da lu'u-lu'u mai kusan karat 2 ana ganinsa da ido, abin da masu sana'ar kan yi rayuwarsu duka ba su gani ba. Nan ne ya zama mahaƙar Diavik, wadda ta fara aiki a 2003, a lokacin babban kamfanin Rio Tinto na da kashi 60, Aber 40. Mahaƙar Ekati ta BHP da Dia Met ta riga ta, an buɗe ta a Oktoban 1998, a 2001 kuma BHP ya saye Dia Met ɗungurungum a kan dalar Kanada miliyan 687. Kanada, wadda ba ta da mahaƙar lu'u-lu'u ko ɗaya kafin 1998, ta taɓa zama ta uku a duniya wajen darajar abin da take haƙowa, bayan Botswana da Rasha.

Ɗaya fuskar kuwa sunanta Tli Kwi Cho, wani kimbalait a yankin wanda ƙananan kamfanoni uku, Dentonia da Horseshoe Gold da Kettle River, ke da kaso a ciki, babban kamfanin Kennecott na gudanar da aikin. Ƙananan ƙwayoyin da aka ƙirga da farko sun yi kyau, har Kennecott ya tsallake matakin tsakiya ya tafi kai tsaye ya fasa rami a ƙarƙashin ƙasa don ɗebo dubban tan. Kasuwa ta ce ruwa ba ya tsami banza, babba ba ya kashe irin wannan kuɗi sai ya ga wani abu. Aka yi ta saye. A farkon Agusta sakamako ya fito: karat ɗin bai kai ko kusa da abin da aka zata ba, duwatsun kuma ba masu tsada ba ne. Cikin yini guda hannayen jarin kamfanonin uku suka zube, ɗaruruwan miliyoyin dala suka bi iska, suka ja na maƙwabta, mai laifi da marar laifi.

Gyaran da kasuwar ta samu, gwargwadon gyaruwarta, daga wajen zinariya ya zo. A 1997 aka gano cewa kamfanin Bre-X na Calgary, wanda ya ce ya sami tulin zinariya a Busang cikin dajin Borneo, gishiri irin na Arnold aka barbaɗa wa samfuransa. Darajarsa a kasuwa ta kai dalar Kanada biliyan 6, ta koma sifili, har asusun fanshon malaman makaranta na Ontario ya yi asara a ciki. Bayan wannan kunya aka kafa dokar NI 43-101 a 2001, wadda ta ce duk bayanin ma'adinai da za a yi wa masu saye sai ƙwararre ya tsaya masa da sunansa. Kasuwar Vancouver ma ta rasa sunanta, an haɗe ta da ta Alberta a 1999, daga baya ta koma ƙarƙashin ta Toronto. Doka ta rage ƙarya ƙarara, amma ba ta taɓa tazarar nan ta shekaru ba, ba ta kuma hana mutum ya karanta "akwai alama" ya ji "akwai dukiya" ba.

Inda dokar ba ta kai ba, tsohon wasan ya ci gaba, har ya iso maƙwabtanmu. A Disamban 2010 ma'aikatar harkokin wajen Koriya ta Kudu ta sanar cewa wani ƙaramin kamfanin ƙasar, CNK, ya sami izinin haƙar lu'u-lu'u a Mobilong, wajen Yokadouma a gabashin Kamaru, wai kuma wurin na ɗauke da karat miliyan 420, fiye da ninki biyu na abin da duniya duka ke haƙowa a shekara. Tunda gwamnati ce ta faɗa, farashin hannun jarin ya ninka sau da dama cikin 'yan makonni a Seoul. A farkon 2012 hukumar binciken kuɗin gwamnatin ƙasar ta ce an kambama adadin, aka shiga kotu. Karat miliyan 420 ɗin har yau ba su fito daga ƙasa ba.

Amma maƙaryata ba su ne suka fi ba ni mamaki a wannan tarihi ba. A dubi waɗanda suka sami dutsen da gaske. Kamfanin Winspear ya gano Snap Lake, De Beers ya saye shi a 2000 a kan dalar Kanada miliyan 305. Masu hannun jarin suka karɓi kuɗinsu suka tafi, De Beers ya gina mahaƙar, ya yi ta fama da ruwa, ya rufe ta a ƙarshen 2015. Tahera ya buɗe mahaƙar Jericho a Nunavut a 2006, a farkon 2008 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. Stornoway ya buɗe Renard a Quebec a 2016 da goyon bayan gwamnatin lardin, a 2019 masu bashi suka karɓe ta, masu hannun jari suka tashi hannu rabbana, a 2023 aka dakatar da aiki. Aber kansa ya rikiɗa ya zama Dominion Diamond, ya saye kason BHP a Ekati a 2013. Kamfanin Washington na Amurka ya saye shi a 2017 a kan dala biliyan 1.2, a Afrilun 2020 Dominion ya durƙushe. In aka jera su haka sai a ga waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka sayar tun ana cikin zance, ko waɗanda babba ya saye su da wuri. Haƙurin da ya biya mutanen Kelowna na kafin a gano ne. Wanda ya shigo bayan an gano, ya zauna jiran mahaƙa ta biya shi, shi ne mahaƙurcin da bai zama mawadaci ba.

Ko Lucara, kamfanin Vancouver da Eira Thomas ke cikin waɗanda suka kafa shi, wanda mahaƙarsa ta Karowe a Botswana ta fito da dutse mai karat 1,109 a 2015 da mai karat 2,492 a Agustan 2024, irin wanda ba a gani ba tun dutsen Cullinan na 1905, wannan dutse na biyu bai mayar da hannun jarinsa ko kusa da inda yake a 2016 ba.

Inji ne ya ƙarasa kasuwar. Tun 1954 kamfanin General Electric ya ƙera lu'u-lu'u a ɗakin gwaji, amma na masana'antu ne, na yankan ƙarfe da huda dutse. A shekarun 2010 aka ƙware wajen ƙera manya farare waɗanda ido ba ya bambanta su da na ƙasa, akasari a Sin da Indiya, farashinsu kuma ya yi ta sauka. De Beers ya buɗe nasa shagon, Lightbox, a 2018, yana sayar da karat a dala 800 don ya nuna wa duniya cewa na inji kayan wasa ne. Farashi ya faɗo ƙasa da hakan, a 2025 ya sanar da rufe shagon. Ango a Amurka, inda aka fi ko'ina sayen zoben lu'u-lu'u, ya ga zai sami babban dutse da ƙaramin kuɗi. A 2024 kamfanin Anglo American, mai mallakar akasarin De Beers, ya ce zai rabu da shi. In uban gidan sana'a na neman mai saye, wa zai ba yaro kuɗin neman sabon rami? Maroƙan Vancouver dai ba su yi zaman makoki ba. Yadda aka canza suna aka koma lu'u-lu'u a 1992, haka aka sake canzawa aka koma litiyam da yuraniyam da zinariya.

Shi kuwa Point Lake, ɗan tafkin da ƙwayoyi 81 suka fito daga ƙarƙashinsa, BHP bai taɓa mayar da shi mahaƙa ba. Da aka ɗebi babban samfur sai aka ga duwatsunsa ba su kai na ramukan da aka gano daga baya ba, irin su Panda da Koala da Misery, aka bar shi. Sai bayan shekara talatin da wani abu, da ramuka masu kyau suka doshi ƙarewa, kamfanin Burgundy na Ostireliya, wanda ya sayi Ekati a 2023, ya waiwaye shi ya fara haƙa. A watan Yulin 2025 ya dakatar da aikin, ya sallami ɗaruruwan ma'aikata, ya ce farashin lu'u-lu'u bai kai kuɗin fito da shi ba.